Mai Unguwa, Kansila da Kantoma: Wa Ya Ɗora Su?

Bahaushe ba ya haɗa masu riƙe da unguwannin birni a baki ɗaya. Mai unguwa naɗa shi ake yi, kansila zaɓensa ake yi, kantoma kuwa turo shi ake yi. A ganina duk wanda ya fahimci waɗannan kalmomi uku ya fahimci rabin yadda ake mulkin gari a ƙasar Hausa.

Mai unguwa suna ne na Hausa tsantsa, ba aro ba ne. A tsarin masarauta shi ne na ƙasa, sama da shi dagaci, sai hakimi, sai sarki. Galibi daga gidan da suka gaji sarautar ake ɗaukarsa, hakimi ya kai sunansa fada. Shi ya san wanda ya tare a unguwa jiya, shi ake tasa da tsakar dare in an yi sata, gabansa ake shaida cinikin gida, kuma ma'aikatan rigakafi ba sa shiga lungu sai da shi. Duk da haka kundin tsarin mulki na 1999 bai ba shi gurbi ba.

Hakimi daga Larabci ya zo, ma'anarsa mai hukunci. Kafin Turawa su ci Kano a 1903, hakimai a cikin birni suke zaune, jakadunsu ne ke fita karkara karɓar haraji. Bature ya tattara ƙauyuka ya mai da su gundumomi, ya ce kowane hakimi ya koma ƙasarsa ya zauna. Shi kuwa cikin birnin Kano an kasa shi fuska huɗu, kowace da wakilinta: Wakilin Gabas, Wakilin Yamma, Wakilin Kudu da Wakilin Arewa. Sunan ya faɗi gaskiya, domin sarki suke wakilta a wajen jama'a.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 shi ya kawo ƙarshen En'e, ya ɗauke mulki daga hannun sarakuna ya miƙa wa majalisar ƙaramar hukuma. Nan ne kansila da ciyaman suka samu gindin zama, dukansu aro daga Ingilishi. Kansila mazaɓa yake wakilta, ba unguwa ba, kuma mazaɓa ɗaya takan haɗa unguwanni da yawa. Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Abin takaici, mutane da dama sun san gidan mai unguwarsu amma ba su san sunan kansilansu ba.

Kantoma ya fi ba ni mamaki. Asalinsa sunan jami'in Bature ne mai hukunci a barikin Turawa da Sabon Gari, inda ikon sarki bai kai ba. Da gwamnoni suka shiga rushe zaɓaɓɓun majalisu suna ɗora nasu, sai bakin mutane ya tono wannan tsohon suna ya liƙa musu. Kuma ya dace da su, don shi ma na farkon ba wanda ya zaɓe shi. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa irin waɗannan shugabannin riƙo sun saɓa wa tsarin mulki.

A Nijar kuma shugaban gari da aka zaɓa magajin gari ake ce masa, alhali a Sakkwato da Zazzau Magajin Gari sarauta ce mai rawani. Don haka mai sauraron rediyo ya lura da ƙasar da labarin ya fito.

Kira nake ga 'yan jarida da masu fassara: ku daina kiran wanda aka turo da sunan wanda aka zaɓa. In kantoma ne, ku ce kantoma, domin talaka ya san wanda zai iya tuhuma da ƙuri'arsa.