Ciwon mara da ƙugu lokacin al'ada: yaushe ne na haƙuri, yaushe ne na likita?

Jama'a masu saurare, na gida da na ƙetare, yau mun ɗauko zancen da mata da yawa ke ɓoyewa saboda kunya: ciwon mara da ƙugu lokacin jinin al'ada. Akwai yarinyar da ke fashin lakwal duk wata saboda shi, akwai matar da ba ta iya ko daka. Sai a ce mata: "Yi haƙuri, in kin yi aure zai bari." Wani yakan yi sauƙi bayan haihuwa, amma ba kowane ba.

Mi ke kawo shi?

Lokacin al'ada mahaifa na matsewa don ta fitar da jini. Wani sinadari mai suna prostaglandin ne ke sa ta matsewar. In ya yi yawa, ciwon sai ya tsananta, ya sauka ƙugu da cinyoyi, wani lokaci har da amai, zawo ko ciwon kai. Irin wannan yakan fara tun ƙuruciya, ya zo ana gobe al'ada ko ranar farko, ya lafa cikin kwana 2 zuwa 3.

Akwai kuma wanda wata cuta ce ke haddasa shi. Ɗaya ita ce endometriyoz, inda nama irin na shimfiɗar cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce tana shafar kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa, kuma tana iya hana samun ciki. Sauran sun haɗa da ƙari a mahaifa, da ciwon sanyi da ya hau sama, da tsargiya ga masu wanka da wanki a gulbi ko tabki.

Abin yi a gida

A jiƙa zane da ruwan ɗumi a ɗora kan mara ko ƙugu. Tafiya kaɗan ma na taimakawa. Ibuprofen ya fi aiki in an sha shi tun ciwo na farawa, bayan an ci abinci. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko wadda ke zaton tana da ciki kar ta sha, ta tambayi ma'aikacin lafiya. Ƴan uwa, a bar sayen ƙwayoyi wurin ƴan talla, musamman tramol, don kama mutum yake yi.

Yaushe za a tafi likita?

In ciwon na ƙaruwa wata bayan wata, ko ya fara bayan shekaru ba a yinsa. In jini ya wuce kwana 7, ko ƙunzugu na jiƙewa duk awa 1 zuwa 2. In akwai zazzaɓi, ruwa mai wari ko zafi wajen kwanciyar aure. A fara da CSI mafi kusa. In ana buƙatar hoton ciki, ekografi, su za su tura ta asibitin gunduma ko cibiyar uwa da yaro ta jiha.

Amma wadda al'adarta ta yi jinkiri, sai ga ciwo mai tsanani gefe guda da jiri, kar a kwana da ita gida. Yana iya zama ciki ne a wajen mahaifa, kuma yana kisa.

Magidanta da masu aiko kuɗi daga ƙetare, ku tuna da kuɗin mota da na awo. Iyaye mata, ku saurari ɗiyanku. Allah ya ba mu lafiya.