Mudun Hatsi da Katin Awo: Aikin Jinƙai na Katolika a Gombe

Duk wanda ya san Gombe ya san mu 'yan Katolika ba mu da yawa a nan. Ko a cikin Kiristocin jihar, ECWA ce babba, domin mishan ɗin SIM da ya haife ta ya riga kowa shiga ƙasar Tangale, tun 1917 suka zauna a Kaltungo. Fadannin Katolika ta Filato suka biyo. A watan Fabrairun 1907 fadanni uku na ƙungiyar SMA suka sauka a Shendam, daga can aikin ya haura Jos, kuma shekara da shekaru ƙasar Bauchi da Gombe a ƙarƙashin Jos suke. Abin da ya tara mu a garin nan auduga ce da jirgin ƙasa. Da layin dogo ya iso a farkon shekarun 1960, sai ga ma'aikata da 'yan kasuwa: Ibo, Tibi, Idoma, mutanen Filato da na kudancin Zariya. Jikokinsu ne yau suke cike unguwanni irin su Nasarawo, tare da 'yan ƙasa da suka shigo Ikilisiya daga baya.

Wannan asalin shi ya ba aikin jinƙanmu kamanninsa. Baƙo ba shi da dangi kusa. In matarsa ta haihu babu goggo da za ta zo wankan jego, in ya mutu babu ɗan'uwa da zai kai gawarsa gida. Dattawan da suka rene mu a coci sukan ce abin da aka fara haɗa kuɗi dominsa ke nan: biso, da haihuwa, da kuɗin motar wanda aiki ya ƙare masa. Ba wanda ya kira abin da wani suna. Bayan Misa sai Katikis ya yi sanarwa cewa wance tana kwance, mata su tsaya a bakin ƙofa su raba wa juna kwanakin kai abinci.

Matan nan su ne ƙashin bayan komai, kuma tarihi bai yi musu adalci ba. Zumuntar Mata Katolika, da anko da waƙoƙinsu na Hausa da tulun da suke kaɗawa, mutane da yawa kallon ƙungiyar rawa suke mata. Amma su suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Lokacin kaka kowace takan kawo mudun masara ko dawa ko wake, a zuba a buhu a ajiye, sai damina ta yi nisa, hatsi ya yi tsada, a buɗe. Ba a rubuta sunan wadda aka ba a allo. Shugabar takan saka a kwando ta rufe da zane, ta shiga gidan kamar mai zuwa gaisuwa.

Ni ta ƙofar St. Vincent de Paul na shigo. Ƙungiya ce da ta fara a birnin Paris na Faransa a 1833, lokacin da wani ɗalibi mai shekara 20, Frédéric Ozanam, da abokansa suka gaji da muhawarar baki da masu cewa Ikilisiya ta daina amfanar talaka, suka koma kai itacen wuta da abinci gidajen matalauta, wata Sista mai suna Rosalie Rendu tana nuna musu lungunan. Dokokinta biyu ne suka fi shiga raina. Na farko, ba a kiran mabukaci ya zo ya yi layi, kai za ka je inda yake, kuma mutum biyu ake tafiya. Na biyu, jakar asiri. A ƙarshen taro, bayan addu'a, akan zagaya da wata jakar yadi mai ƙaramin baki. Kowa ya dunƙule hannu ya tura ciki, ko da kuɗi ko babu. Mai shagon kayan gyaran mota da mai gadin makaranta duk hannu ɗaya suke turawa, ba wanda ya san abin da wani ya saka. Na sha ganin an zazzage jakar a kan benci an sami tsofaffin naira ashirin-ashirin da suka yi laushi, a tsakiyarsu kuma ga sabuwar dubu an naɗe ta ƙanƙanuwa don kada ta yi ƙara.

Shekarar 1996 ta canja mana abubuwa biyu a jere. A watan Yuli Roma ta yanke Bauchi da Gombe daga Jos ta ba su nasu shugabancin, aka naɗa Bishop John Moore, ɗan ƙasar Ailan na SMA. Ranar 1 ga Oktoba kuma gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Gombe. Garin ya cika da ma'aikata, haya ta tashi, Nasarawo ta ƙara cunkushewa. A ƙarshen 2003 Bauchi ta zama cikakkiyar dayosis. Bishop Moore ya rasu a 2010, Bishop Malachy Goltok ya gaje shi a 2011 ya rasu a 2015, sai Bishop Hilary Dachelem daga 2017.

A tsakanin nan ne zamanin ofis ya zo. Tun 1967 Fafaroma Paul na Shida ya kafa hukumar adalci da zaman lafiya a Roma, dayosis-dayosis na Najeriya kuma suka buɗe nasu ofisoshin JDPC, a 2010 bishop-bishop suka kafa Caritas ta ƙasa. Abin da ya kawo kuɗi da gaske shi ne ƙanjamau. Wanda bai ga farkon shekarun 2000 ba, ba zai gane ba. Mutum ya rame, a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki, a ware masa kwano da kofi. Marayu suka yi yawa. Da shirin PEPFAR na Amurka ya fara aiki a 2004 magani ya zama kyauta, muka ga waɗanda aka fid da rai da su sun miƙe sun koma kasuwa. Wannan alheri ne babba kuma ba zan raina shi ba. Sai dai ya zo da wani hali. Muka koyi cike fom da ɗaukar hoto da jiran kuɗin mota kafin a fita ziyara. Wasu suka fara ganin taimakon talaka aikin masu takarda ne, na ofis, mu namu kawai mu kai suna. Ranar da shiri ya ƙare kuwa, motar shirin ta daina zuwa, sai a waiwayo a nemi matan Zumunta da buhunsu.

Maganar kare rai tun daga ciki, a matsayin aiki mai suna da tsari, ta iso mu ne a makare, kuma daga waje ta zo. Koyarwar dai tsohuwa ce. Fafaroma Paul na Shida ya fitar da wasiƙarsa Humanae Vitae a 1968, John Paul na Biyu, wanda ya zo har Kaduna a watan Fabrairun 1982, ya fitar da Evangelium Vitae ranar 25 ga Maris 1995. A Ibadan, Sista likita Leonie McSweeney ta kwashe shekaru tana koyar da ma'aurata tazarar haihuwa ta hanyar Billings, wadda mace ke lura da alamomin jikinta ba tare da ƙwaya ko allura ba, waɗanda ta horar kuma suka kai ilimin dayosis-dayosis, shi ake koya wa masu shirin aure. Ƙungiyar Knights of St. Mulumba, da Fada Anselm Ojefua ya kafa a 1953, ta ɗauki batun a matsayin nata. A Kudu an yi gwagwarmaya ta gaske da gwamnati. A 2013 Gwamna Rochas Okorocha na Imo ya janye wani sashe na doka da ya sassauta zubar da ciki bayan Babban Bishop Anthony Obinna da jama'a sun tashi. A 2022 gwamnatin Legas ta dakatar da wasu ƙa'idoji kan batun bayan ƙorafin da Babban Bishop Alfred Martins yake cikin masu yinsa.

Mu a nan ba mu da wannan faɗan. Dokar Penal Code ta Arewa ta haramta zubar da ciki sai don ceton ran uwa. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda galibinsu mazhabar Malikiyya suke bi, sun fi mu tsauri a wasu wuraren. In muka ɗauki kwalaye muka zaga gari, babu wanda zai musa mana. Amma ana zubarwa. Ana yi a bayan kanti da ƙwayoyin da aka saya a ɓoye, ana yi da jiƙe-jiƙe, ana yi a ɗakin wanda bai taɓa karatun likita ba. Abin da ke tura yarinya can kuwa ba wata aƙida ba ce da ta karanto. Tsoron uba ne, da korar makaranta, da saurayin da ya kashe waya, da bakin unguwa, wanda na cikin coci ma bai fi na waje sauƙi ba.

Na taɓa raka wata dattijuwa ta Zumunta gidan wani magidanci da ya fitar wa 'yarsa kaya waje. Yarinyar tana ajin ƙarshe a sakandare, cikin wata huɗu. Mun tarar da shi a kan benci a tsakar gida, rediyo a kunne amma ba saurare yake ba. Maman ba ta fara da wa'azi ba. Ta gaida shi, ta tambayi aiki, ta tambayi ciwon ƙafarsa, har aka kawo ruwa. Can ta ce, "Baban yara, na zo roƙo ne." Ya ce, "Mama, in a kan yarinyar nan ne, ta riga ta zubar min da mutunci. Da wane ido zan shiga coci?" Ta ce, "Da idon da ni ma nake shiga. Ka bar min ita ta zauna wurina har ta sauka. Ba na neman ka yafe yau. Abu ɗaya nake so, kada ka ce mata ta je ta san yadda za ta yi, domin ka san abin da za ta ji ke nan." Ya daɗe yana kallon ƙasa. Da ya ɗago cewa ya yi, "Ku tafi da ita." Ba ƙari. A ɗakin maman nan yarinyar ta kwana watanni, jakar asiri ta yanki katin awo ta sayi maganin ƙarin jini, matan Zumunta suka haɗa zannuwa da sabulu. Magidancin bai zo suna ba. Daga baya ne ya aiko da buhun gawayi.

Wannan shi ne aikin kamar yadda na san shi, kuma shi ya sa nake jin nauyi in na ji mai wa'azi ya zazzage murya a kan zunubin zubar da ciki sannan ya sauka ba tare da ya faɗi ƙofar da yarinya za ta ƙwanƙwasa ba. Na yarda da koyarwar Ikilisiya ɗari bisa ɗari, rai ne tun daga ranar farko. Amma rai biyu ne a gabanmu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ke mutuwa a kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, kuma kowa ya san Arewa maso Gabas na cikin inda abin ya fi muni. Zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda a gida saboda babu kuɗin keke napep da tsakar dare, waɗannan su ke kashe uwa da ɗa tare. Mai cewa yana kare rai dole ya san farashin ledar jini da inda za a samo mai bayarwa.

Shekarun Boko Haram sun gwada mu fiye da komai. Ranar 5 ga Janairun 2012 'yan bindiga suka buɗe wuta a cocin Deeper Life a nan Nasarawo ana cikin addu'a, suka kashe masu ibada. Daga nan kowace majami'a ta sa shinge, ana caje jakar mata a ƙofa, taron yamma ya ragu. A 2014 bam ya tashi a tashar Gombe Line a ƙarshen Oktoba, wani ya tashi a tashar Dukku a Disamba, a Yulin 2015 kuma a babbar kasuwa. A daidai lokacin 'yan gudun hijira suna ta kwararowa daga Borno da Yobe da arewacin Adamawa, musamman bayan faɗuwar Mubi. Yawancinsu ba sansani suka shiga ba, gidajen mutane suka shiga. Ɗaki ɗaya ya ɗauki iyali uku. Cikinsu akwai masu juna biyu da suka yi kwanaki suna tafiya a daji, akwai waɗanda ba sa son a tambaye su uban cikin. Ba mu tambaya ba. Ba mu kuma tambayi addini ba, domin maƙwabcin da ya zo ya ce mana akwai baƙi a zaurensa sau da yawa Musulmi ne. A Yola Bishop Stephen Mamza ya buɗe harabar babban cocin St. Theresa ga dubban mutane, daga baya ya gina musu gidaje har da masallaci domin Musulmin cikinsu. Abin da muka yi a lungunanmu ƙarami ne a kan wannan, amma daga tushe ɗaya yake.

Yau matsalar ta sake kama. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, waɗanda suke saka hannu a jaka da yawansu sun koma cikin waɗanda ake kai wa ziyara. Mudun da mace ke kawowa da kaka ya zama rabi. Matasa sun fi zuwa ƙungiyoyin waƙa da addu'a, ziyarar gida kuwa mu masu furfura muka fi yawa a ciki, ko da yake samarin ne ke tashi da dare in an ce ana neman jini, kuma yanzu muna da jerin lambobinsu da rukunin jinin kowa. Muhawarar da ke gabanmu a taro ita ce ta masauki. Dattawan mata da suke karɓar 'yan mata a ɗakunansu suna tsufa, wasu sun koma garuruwansu. Wasu cikinmu na ganin a kama hayar ɗaki biyu a sa wata uwa ta kula. Wasu na cewa da zarar unguwa ta gane gidan, babu yarinyar da za ta yarda a ga ta shiga, kuɗin hayar shekara kuma zai yanki katin awo na mata da yawa. Ni ina tare da na biyun. Mun ɗage maganar zuwa bayan kaka, in an ga abin da buhu ya tara.