Bayani kan ƙara wa tsohuwar kwamfutar tebur ƙarfi da gudu

A Mando, unguwar da ke arewa maso yammacin birnin Kaduna kan hanyar filin jirgin sama da Birnin Gwari, tsohuwar kwamfutar tebur jari ce. Da ita masu shagunan buga takardu ke yi wa ɗalibai da ma'aikata aiki, da ita kuma matasa ke gwajin jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta baki ɗaya a shekarar 2015.

Da yawa daga cikin waɗannan injuna na hannu ne, irin su Dell OptiPlex da HP Compaq, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su shigo ta Legas.

Idan inji ya fara nawa, kuma kuɗin sabo bai samu ba, hanyoyi biyu ne aka fi tunani a kai: ko dai a sauya furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, ko kuma a zaburar da wadda ke ciki ta yi gudun da ya zarce wanda kamfani ya ƙayyade mata.

Sauya furosesa

Kowace furosesa tana zama ne a wani gurbi da ke kan babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira bod, kuma gurbin shi ne ke fayyace irin wadda za ta shiga.

Gurbin LGA 775, wanda kamfanin Intel ya fitar a 2004, ya ɗauki Pentium 4, daga baya kuma Core 2 Duo ta 2006 da Core 2 Quad. Gurbin LGA 1155 na 2011 shi ne na Core i3 da i5 da i7 zubi na biyu da na uku. Furosesar wani gurbin ba ta shiga wani.

Sai dai kuma shiga gurbi ba shi ne yin aiki ba. Allunan farko masu LGA 775 ba sa tashi da Core 2, yayin da na baya, masu ɗauke da G31 ko G41, ke karɓar ta. Don haka wajibi ne a duba jerin furosesocin da mai ƙera allon ya amince da su, kuma a wasu lokutan sai an sabunta BIOS, ƙaramar manhajar da ke tayar da inji.

Wajen aikin, akan cire wayar wuta, a ɗaga ƙarfen sanyaya, a goge tsohon man da ke tsakaninsa da furosesa, sannan a shafa sabo kaɗan. Fil-fil ɗin gurbin siraran gaske ne. Lanƙwasar guda ɗaya na iya kashe allon.

Yadda zaburarwa take

Gudun furosesa sakamakon lambobi biyu ne: bugun tushe na allo, da lambar da ake ninka shi da ita.

Core 2 Quad Q6600, wadda ta fito a 2007, tana da bugun tushe MHz 266 da ninki 9, abin da ke ba da GHz 2.4. Idan aka ɗaga bugun zuwa 333 a cikin BIOS, gudun zai kai GHz 3, ƙarin kashi 25 cikin ɗari ke nan ba tare da an sayi komai ba.

Dabarar dai ta daɗe. A 1998 Celeron 300A ta yi suna saboda masu sha'awar kwamfuta sun riƙa ɗaga ta daga MHz 300 zuwa 450.

Tun daga 2011 kuwa, Intel ta taƙaita cikakkiyar zaburarwa ga furosesoci masu harafin K a ƙarshen lambarsu, kamar Core i5-2500K, kuma sai a kan alluna na musamman irin P67 da Z68. Kamfanin AMD ya bar ninkin akasarin furosesocinsa na Ryzen a buɗe tun fitowarsu a 2017.

A nan ne mai injin ofis zai gamu da cikas, domin kamfanoni irin su Dell da HP ba sa sanya wurin sauya waɗannan lambobi a BIOS ɗin injunan da suka ƙera wa ofisoshi. Zaburarwa ta fi yiwuwa a injin da aka harhaɗa da allon Asus ko Gigabyte ko MSI.

Zafi da ƙura

Ba a samun ƙarin gudu a banza. Wutar da furosesa ke ci tana ƙaruwa daidai da gudunta, amma idan aka ƙara mata ƙarfin lantarki don ta jure, ƙaruwar ninki biyu take yi wa kanta.

Ƙarin gudu na kashi 25 tare da ƙarin lantarki na kashi 10 yana kai cin wuta ya ƙaru da kusan rabi. Furosesa mai wat 95 za ta doshi wat 140, kuma duka zafi yake zama a cikin akwatin.

A Kaduna, watannin Maris da Afrilu kan zo da zafin da ke haura digiri 35 a ma'aunin Salshiyas. Kafin su kuma hunturu ya riga ya cusa ƙura a fanka da ƙarfen sanyaya. Injin da ya jure zaburarwa a ɗaki mai sanyi a Ingila ba lallai ne ya jure a shago mai rufin kwano a bakin tashar Mando ba.

Idan zafi ya yi yawa, furosesa kan rage gudu da kanta don kada ta ƙone, ko injin ya mutu gaba ɗaya. An je neman ƙiba ke nan, an samo rama.

Batun lantarki

A Mando ne kamfanin dakon lantarki na ƙasa, TCN, ke da babbar tashar da ke karɓar wuta daga Shiroro ta miƙa zuwa Kano da wasu sassan arewa. Maƙwabtaka da tashar ba ta zama kariya ba: a watan Oktoban 2024, lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta arewa, ciki har da na Shiroro zuwa Mando, ta bar jihohi da dama cikin duhu fiye da mako guda.

Furosesar da aka zaburar ta fi kowace buƙatar wuta mai daidaito, alhali ƙaramin janareta hawa da sauka yake yi. Ɗaukewar wuta a tsakiyar sabunta BIOS kuwa tana iya hana allo sake tashi, shi ya sa ba a yin wannan aiki sai da UPS.

Haka kuma ya kamata a duba ƙananan gwangwanayen ajiyar wuta da ke kan allo. Injuna da dama na farkon shekarun 2000 sun zo da masu aibu, kuma wanda kansa ya kumbura alama ce ta allon da ba zai ɗauki ƙarin nauyi ba.

Ga wanda ya ƙuduri aniyar gwadawa, ƙa'idar ita ce a adana muhimman takardu a wani wuri tukuna, a riƙa ɗaga bugun kaɗan-kaɗan, a gwada injin na tsawon sa'o'i da manhaja irin Prime95, ana lura kada zafi ya wuce kimanin digiri 70. Idan ya ƙi tashi, cire ƙaramin batirin da ke kan allo na 'yan mintoci yana mayar da BIOS yadda take.

Abin da ya fi riba

A mafi yawan tsofaffin injuna, ba furosesa ce ke jawo nawa ba. Tsohon faifan ajiya mai juyawa da ƙarancin RAM su ne kan gaba.

Sanya SSD a madadin faifan, da kai RAM zuwa gigabait 4 ko 8 gwargwadon abin da allo ke ɗauka, suna kawo sauyin da ake gani nan take, ba tare da ƙarin zafi ba. Bayan su ne sauya furosesa ke biyowa, zaburarwa kuma ita ce ta ƙarshe.

Akwai kuma iyakar da gyara ba ya tsallakewa. A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, yayin da Windows 11 ke buƙatar TPM 2.0 da furosesar Intel daga zubi na takwas na 2017 zuwa sama. Babu furosesar LGA 775 ko LGA 1155 da ta cika wannan sharaɗi.

Irin waɗannan injuna za su ci gaba da buga takardu da koyar da yara, ko da Windows ɗin da suke da ita ko da manhajar Linux mara nauyi. Amma duk wanda ke hulɗar banki ko ajiye bayanan jama'a a kansu, ya kamata ya auna kuɗin gyaran da na sayen injin da ya fi su ƙuruciya kafin ya buɗe akwatin.