Wankan Jego a Ƙasar Hausa: Tarihin Ruwan Zafi da Ganye

Daga cikin al'adun da suka shafi lafiyar jiki a ƙasar Hausa, kaɗan ne suka kai wankan jego kafuwa a hannun mata, kuma kaɗan ne likitocin zamani suka yi ta kai da kawowa a kansu kamarsa. A wannan maƙala za mu duba yadda ake yin wankan, da itatuwan da ake ɗibar ganyensu, da tunanin da ya haife shi, sa'an nan mu bi sawun muhawarar da ta taso a kansa tun daga shekarun 1970.

Ya kamata mu fara da kalmomi, domin a cikinsu ne Bahaushe ya ajiye iliminsa. Wanka na jiki ne, wanki kuwa na tufa da kaya. Idan boka ko mai magani ya ba da sassaƙe ya ce a sha a yi wanka, wannan shi ne wankan magani. Idan aka tafasa ganye, mutum ya lulluɓa da bargo bisa tukunyar har ya yi gumi, sirace ke nan. Idan garin magani aka barbaɗa a garwashi, turare ne ko hayaƙi. Idan tsumma aka tsoma a ruwan zafi ana danna wa gaɓa mai ciwo, gashi ne. Wankan jego, wanda wasu ke kira wankan biƙi, ya ɗebo kaɗan daga kowane ɗaya daga cikin waɗannan. Ya yi ƙarfi a harshe har ya zama idan aka ce wance ta tafi wanka gida, ko ta gama wanka, babu mai tambayar wane wanka ake nufi.

Shirin yana farawa tun ciki bai tsufa ba. Miji ne ke da alhakin tara itace, kuma tulin itacen da ke ƙofar gida shaida ce ga maƙwabta ta irin kulawarsa. Daga ranar haihuwa ake girka babbar tukunya sau biyu a yini, da asuba da kuma la'asar. Ungozoma ko wata tsohuwa ta gida ita ke yi wa mai jego wankan a kwanakin farko: ta haɗa damin rassa masu ganye, ta tsoma a ruwan da bai daɗe da sauka daga wuta ba, ta riƙa fyaɗa mata a baya da ciki da cinyoyi har tukunyar ta ƙare. Bayan haka sai zama cikin ruwan bagaruwa domin raunin haihuwa ya haɗe. Ɗiyan bagaruwar nan su ne dai majema ke jeme fata da su, saboda ƙarfinsu na tsuke nama. Daga nan sai kunun kanwa mai zafi da yaji, da gasasshen nama, da romon ƙauri a kwanakin suna. A wasu wurare, musamman ƙasar Zazzau da kudancin Katsina, akan ƙara da kwanciya bisa gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Haka za a yi ta yi har kwana 40, mai haihuwar fari kuwa sau da yawa takan zarce da wanka ɗaya a yini har wata uku ko fiye.

Shaida mafi armashi da muke da ita a rubuce daga bakin mace ita ce ta Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta ɗauki labarinta a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, aka buga shi a 1954. An haifi Baba tun kafin zuwan Turawa, kuma ta kawo zancen ruwan zafin mai jego a matsayin abin da ta tarar iyaye da kakanni na yi, wanda ba ya bukatar a kare shi da wata hujja.

To, wane ganye? A nan ne tarihin ya fi ban sha'awa. Itatuwan asali na wannan wanka ƴan ƙasa ne: sabara (Guiera senegalensis), wadda ke rufe saurukan jigawa tun daga Dogon Dutsi har Damagaram, tsamiya (Tamarindus indica), runhu (Senna singueana), da kalgo, wanda wasu ke cewa kargo (Piliostigma reticulatum). Sabara ta fi su suna a harkar jego, domin ana wanka da ita, ana kuma shan ruwanta. Amma idan aka tambayi matan birane a yau, da yawansu dogon yaro (Azadirachta indica) za su fara ambata, har su ce shi ne ganyen gargajiya. Alhali kuwa baƙo ne daga ƙasar Indiya. An shigo da shi Barno a 1928, wato shekara 12 bayan likita J. M. Dalziel ya buga ƙamusunsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Daga nan ma'aikatan daji na mulkin mallaka, na Ingila da na Faransa, suka yi ta dasa shi a bakin hanyoyi da kasuwanni da harabar makarantu. A ƙasar Nijar ya ƙara yaɗuwa bayan farin 1973 zuwa 1974, kuma daga 1975 aka fara jera shi layi-layi a kwarin Majiya, cikin gundumar Buza, domin tare iska, tare da ƙungiyar CARE.

Dalilin da ya sa mata suka karɓe shi ba mai wuyar ganewa ba ne. Yana riƙe ganyensa a lokacin da yawancin itatuwa suka kaɗe, yana tsaye a ƙofar gida alhali sabara sai an aika yaro daji, rassansa dogaye ne masu daɗin damƙa, kuma yana da ɗaci, ɗaci kuwa a wurin Bahaushe alama ce ta ƙarfin magani. Sunayensa ma sun nuna baƙuntarsa, domin kowane yanki ya raɗa masa nasa: dogon yaro, bedi, dalbejiya ko darbejiya, maina. Abin da wannan ke koya wa mai nazari shi ne, ganyen ba shi ne ginshiƙin al'adar ba, tunda ta sauya ganye cikin ƙasa da shekara 100 ba tare da wani rikici ba. Abin da ba ta yarda ta sauya ba shi ne zafin ruwan.

Wannan zafi ya samo tushe ne daga yadda Bahaushe ya fahimci sanyi. Sanyi a nan cuta ce mai shiga jiki ta zauna, ta kawo kumburi da ciwon gaɓoɓi da kasala, wani lokaci har bayan shekaru. Mace da ta haihu ana cewa jikinta ɗanye ne, a buɗe yake, jini ya fita, saura kuma ya kwanta a mara. Maganin ɗanye kuwa gashi ne. Don haka ake gasa ta daga waje da ruwa da wuta, daga ciki da kanwa da yaji, har ta nuna. Lewis Wall, wanda ya yi nazari a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi ya kuma buga littafinsa kan magungunan Hausawa a 1988, ya nuna irin matsayin da sanyi ke da shi a wannan tsari. Rabon cututtuka da abinci zuwa masu zafi da masu sanyi ya yi daidai da ɗibbun Larabawa, wanda malamanmu suka sani ta littattafai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, shi kansa ya yi rubuce-rubuce kan magani. Amma dacewar abu biyu ba ta isa hujjar cewa ɗaya ya haifi ɗaya ba. Matan ƙasar Tailan suna da al'adar kwanciya kusa da wuta bayan haihuwa, matan Meziko kuma suna shiga ɗakin tururi da ganye, ba tare da wata alaƙa da ƙasar Hausa ba.

Akwai kuma masu ɗauka cewa kwana 40 ɗin hukuncin addini ne. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a nan, iyakar jinin biƙi kwana 60 ne, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid. Hanafiyya da Hanbaliyya ne suka tsaya a 40. Wankan da shari'a ta wajabta kuwa guda ɗaya ne bayan ɗaukewar jini, kuma ba a shardanta masa zafi ko ganye ba. Ganyen da ya zo a hadisi shi ne sidir, dangin magarya da kurna, wanda aka yi umurni da shi a wankan gawa. Wankan jego dai ilimi ne na mata, ya ari adadin arba'in saboda kwarjininsa a cikin al'umma.

Likitancin zamani ya fara tuhumar wankan ne a Zariya. Likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello sun lura da yawan matan da ake kawowa makonni kaɗan bayan haihuwa, ƙafafu a kumbure, numfashi na sarƙewa, zuciya ta buɗe ta kasa aiki. N. M. Davidson da E. H. O. Parry, tare da Lorna Trevitt wadda ta binciki al'adun haihuwa a cikin gidaje, sun fitar da bayaninsu na farko a 1974, sa'an nan a 1978 Davidson da Parry suka buga cikakken nazari kan mata 224. Sun ƙiyasta cewa cutar na kama kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu a yankin, adadin da ya ninka na ƙasashen Turai sau da yawa, kuma ta fi yawa a watannin zafi da damina. Hujjarsu ita ce, kanwa gishiri ce mai yawan sinadarin sodiyom wanda ke tsare ruwa a jiki, zafi kuma yana buɗe jijiyoyin fata ya tilasta wa zuciya ƙarin bugu. Idan abubuwan biyu suka haɗu a kan macen da ta riga ta zubar da jini, sai zuciya ta gaza. Wannan bayani ya shiga littattafan likitanci na duniya, har sunan Hausawa ya zama misalin da ake bayarwa duk lokacin da aka zo kan wannan cuta. Ga ƴan Nijar akwai abin lura a nan, domin kanwar da ake zargi, wani babban kasonta daga ƙasar Manga fatake ke sauko da ita kasuwannin kudu.

Sai dai bincike bai tsaya nan ba. A babban asibitin Yamai, likita A. Cénac da abokan aikinsa sun bi matan da ke da irin wannan ciwo, kuma a 1992 suka bayyana cewa jininsu na da ƙarancin sinadarin seleniyom, wanda rashinsa aka riga aka san yana lalata zuciya a yankin Keshan na ƙasar Sin. Hankali ya fara komawa kan abinci da talauci. A 2020 kuma sakamakon wata rajista da ta haɗa asibitoci da dama na Nijeriya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kamilu Karaye na Kano, ya nuna cewa har a lokacin cutar na da yawa a arewa maso yamma, amma wankan zafi da kunun kanwa ba su fito a matsayin musabbabi mai zaman kansa ba. Abubuwan da suka fito su ne rama, da rashin karatun boko, da rashin sana'a, da hawan jinin mai ciki.

Bai kamata a karanta wannan a matsayin wanke al'adar daga dukan laifi ba. Al'adar da aka auna a 2020 ba ita ce ta Zariyar 1970 ba. Wani bincike da aka yi a ƙauyen Ɗanbare kusa da Kano, aka buga a 2006, ya samu sama da kashi 80 cikin 100 na mata suna wankan zafi, amma masu kwanciya a gadon wuta ba su kai kashi 10 ba. Tsadar itace ta yi aikin da wa'azin likita bai yi ba: tukunya ta ƙanƙance, kwanaki sun ragu. Ƙuna kuwa ba ta bukatar wata muhawara, tana nan a fatar waɗanda aka zafafa wa. Kuma macen da zuciyarta ta riga ta raunana, ko mai hawan jini, kanwa da zafi za su ƙara mata nauyi ko da ba su ne suka fara ciwon ba.

A ɗaya gefen, masu sukar wankan sun cika mantawa da abin da ke tattare da shi. Kwana 40 ɗin nan su ne kaɗai lokacin da macen karkara ke ajiye taɓarya da tulu, a dafa a ba ta, a ba ta nama, wata babba ta duba jikinta safe da yamma, a matsa mata gaɓoɓi, ta yi barci. Ruwan da aka tafasa kuma ya fi na rijiya tsabta ga mai rauni. Wanda ya ce a bar wankan baki ɗaya, da wuya ya kawo abin da zai maye wannan hutu. Shirin horar da ungozomomin ƙauye da aka fara a jahar Maraɗi a shekarun 1960, wanda Guy Belloncle da likita Georges Fournier suka ba da labarinsa a littafinsu na 1975, ya tafi ne a kan ƙa'idar riƙe tsohuwar da mata suka amince da ita, a ƙara mata sani. Ga alama wannan ƙa'ida ce ta fi dacewa da batun wanka.

Haɗarin da ya fi girma a ganinmu yana cikin fassarar alamomi. Kumburin ƙafa, da haki, da tari cikin dare, da kasa kwanciya rigingine, su ne alamun gazawar zuciya a wurin likita. Su ne kuma alamun shigar sanyi a wurin tsohuwa. Idan ta gan su, hukuncinta shi ne wanka bai karɓi yarinyar ba, sai a ƙara wuta, a ƙara kanwa, a ƙara kwanaki, har lokacin zuwa asibiti ya wuce. Masu tsara littattafan yaƙi da jahilci su ne za su iya shiga tsakani, tunda rashin karatu na cikin abubuwan da binciken 2020 ya ambata. Darasin da zai yi aiki shi ne wanda ya bar wa mai jego hutunta da ganyenta, ya ce a surka ruwa har mai wankan ta iya tsoma gwiwar hannunta, a rage kanwa, ya kuma jera alamomin nan huɗu da sunayen da matan wurin ke kiransu. Sunan ganyen ma sai an kula: takardar da aka rubuta wa matan Kano da kalmar dalbejiya, idan za a karanta ta a ƙauyukan Tawa ko Ƙwanni, sai an fara tambayar mutanen wurin ko bedi suke cewa ko dogon yaro.