Da Aka Rufe Iyakar Jibiya, Wa Aka Tsallake a Rabo?

Duk wanda ya tashi daga Katsina ya bi ta Jibiya, ya wuce Magama ya shiga Ɗan Isa, Maraɗi ce a gabansa. Harshe ɗaya ne, dangi ɗaya. Sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa Maraɗi bayan jihadin farkon ƙarni na 19. Layin da ya raba garuruwan nan kuwa, Turawan Ingila da na Faransa suka shata shi da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Duk da layin, talakan Jibiya a bakin hanyar nan yake samun na tuwo: direba, ɗan dako, ɗan acaɓa, mai sayar da fura.

A watan Agusta 2019 gwamnatin Shugaba Buhari ta rufe iyakokin ƙasa don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. A watan Nuwamba aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, Jibiya na ciki. Ciniki ya tsaya, kuɗin mota ya tashi. Ana cikin haka korona ta shigo Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020, aka bi ta da dokar hana fita, aka tsayar da taro a masallatai da majami'u. Annobar ta tarar da gidajen da tukunyarsu ta riga ta yi sanyi wata shida.

An yi tallafi. Gwamnatin tarayya ta raba naira 20,000 ga gidajen da ke cikin rajistar marasa galihu, ta kuma ba da umarnin a faɗaɗa rajistar daga gidaje miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6, a ƙasa mai mutum kusan miliyan 200. Amma rabo suna yake bi. Wanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyensu ya raɓa a gidan dangi, da matar da aka auro daga Maraɗi ba ta da takarda, su ne aka fi saurin tsallakewa. A watan Oktoba 2020 jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafi a Jos da Legas da Kaduna, suka tarar da abinci jibge.

Da aka buɗe iyakoki huɗu a watan Disamba 2020, wato Seme da Illela da Maigatari da Mfun, ba a sa Jibiya ba. Sai a watan Afrilu 2022 aka buɗe ta. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris 2024.

Ikkilisiya ta san irin wannan matsala tun farkonta. Ayyukan Manzanni sura 6 ta nuna mana yadda Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni a Urushalima, don ana tsallake matansu da mazansu suka mutu wajen rabon abinci. Manzanni ba su tsawata musu ba. Sun sa jama'a su zaɓi mutum bakwai su riƙe rabon, cikinsu har da Istifanas da Filibus, kuma dukansu sunayen Helenanci gare su. Kuka ya kai inda ya kamata, aka gyara tsarin.

Wannan ne aikin da ke gabanmu. Mudun gero da muke kai wa mabukaci yana da kyau, amma ba zai buɗe iyaka ba, ba zai sa sunan kowa a rajista ba. Mu zaga unguwanninmu mu rubuta gidajen da aka manta, Kirista da Musulmi, ɗan gari da baƙo. Mu kai sunayen wurin mai unguwa da kansila da ofishin ƙaramar hukuma, mu tambayi yadda ake shiga rajista. Idan 'yan majalisarmu suka zo, mu gaya musu cewa duk dokar da za ta rufe hanya ta zo da tanadi domin masu cin abinci a bakinta. A majami'unmu ma, mu duba wa ke riƙe da littafin rabo, wa kuma ba a taɓa kiran sunansa ba.

Ubangiji ya ba mu idon gani da bakin faɗa. Amin.