Boren Ma'aikatan Jiragen Ruwa na Liverpool, 1775

Bore ne da ma'aikatan jiragen 'yan kasuwa suka tayar a tashar Liverpool ta Ingila a ƙarshen watan Agusta 1775. A lokacin, daga wannan tasha jirage ke kwasar yadin Manchester da bindigogin Birmingham zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, inda ake musayar su da bayi. A teku kyaftin ne wuƙa da nama: bulala, mari da rage abinci duk suna hannunsa.

Yaƙin neman 'yancin kan Amurka ya durƙusar da ciniki, dubban ma'aikata suka rasa aiki. Masu wani jirgi mai suna Derby suka yi amfani da wannan halin, suka zaftare albashin wata daga sule 30 zuwa 20. Ma'aikatan suka kwance igiyoyin jirgin don kada ya tashi, aka kama wasunsu, sai sauran ma'aikata suka fito zanga-zanga. Da masu gadi suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta, sai ma'aikatan suka ɗaga jar tuta, suka janyo igwa daga jirage, suka yi wa zauren 'yan kasuwar garin luguden wuta.

Sojojin doki aka kirawo daga Manchester suka murƙushe boren.