Ɗalibin da Ya Gano Garkuwar Bakteriya

'Yan'uwa ɗalibai, ina so in kawo muku tarihin wani ɗalibi irinmu. A 1989 Francisco Mojica ya fara binciken digirin digirgir a Jami'ar Alikante ta ƙasar Sifen, kan ƙananan halittun ruwan gishiri. Ya ga wani jeri yana ta maimaituwa cikin ƙwayoyin gadonsu, amfaninsa kuwa ba wanda ya sani. Sai a 2003 ya gano ashe gutsattsarin bairus ne bakteriya ke adanawa a tsakanin jerin, don ta shaida maƙiyinta in ya dawo, ta halaka shi. Abin takaici a gare ni, mujallu huɗu suka ƙi aikin, sai 2005 ya fito. Wannan garkuwa, wato CRISPR, ita ta zama almakashin gyaran ƙwayoyin gado da ya ci lambar Nobel ta 2020. Doudna da Charpentier aka ba, ban da Mojica.